Ajiye cek ta waya: fitar kuɗi kamar walƙiya, shigarsu sai haƙuri

Shekara uku ke nan ina ajiye cek ta manhajar bankina a nan Amurka, kuma tun da na fara ban ƙara bin layi saboda cek ba. Sana'ata gyaran gidaje ce, fenti da famfo da ɗan abin da ba a rasa ba. Galibin masu ba ni aiki dattawa ne, su kuwa cek suka sani. Sai in sa hannu a bayansa, in rubuta cewa ta waya za a ajiye, in ɗauki hoton gaba da baya. Minti biyu an gama. Sai dai kyamarar akwai tsirfa: in takardar ba a kan abu mai duhu take ba, ko inuwa ta faɗa kan lambobin ƙasa, sai ta ce a sake. Akwai daren da sai da na ɗauka sau shida a kan murfin mota.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne dokar Check 21, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2003, ta fara aiki 28 ga Oktoba, 2004. Kafin nan takardar ce da kanta ake ɗora wa mota da jirgi har ta isa bankin mai biya, shi ya sa da aka tsayar da jirage bayan harin 11 ga Satumba, 2001, tulin cek ya maƙale a hanya. Dokar ba ta tilasta wa kowane banki karɓar hoto ba. Abin da ta yi shi ne ta ba kwafin da aka buga daga hoton ƙarfin na asali a gaban shari'a. A 2003 Babban Bankin Amurka na da cibiyoyi 45 na tantance cek, zuwa 2010 ɗaya tal ta rage mai taɓa takarda, a Cleveland.

To, ga inda take ƙasa tana dabo. Wata Juma'a na ajiye cek na dala 1,800 daga wani sabon mai ba ni aiki, na ga adadin ya bayyana a allo, hankalina ya kwanta. Washegari na miƙa wa mai gidan da nake haya nasa cek ɗin. Shi ma ta waya ya ajiye, Litinin kuɗin suka fita daga asusuna. Nawa kuwa an riƙe su sai Alhamis, aka kuma caje ni tarar cire abin da ba ni da shi. Na kira, wata mata mai ladabi ta karanto mini sharuɗɗan da na amince da su ba tare da na karanta ba. Da gaskiyarta, laifin rabi nawa ne. Amma hanyar da ta kwashe kuɗina a yini guda, ita ce fa ta ɗauko wa bankin kuɗin cek ɗin da na ajiye.

Gwamnati ta duba wannan batu. A 2007 Babban Bankin ya kai wa Majalisa rahoto, bai ba da shawarar a rage wa'adin riƙe kuɗi ba. A 2008 ofishin bincike na GAO ya ce yawancin masu asusu sun karɓi sabon tsarin, bankuna kuma na ta komawa kansa. Ban musa ba, ni ma na karɓa. Sai dai a ganina bankuna sun huta da kuɗin jirgi da na dako, mu kuma kwanakin nan biyu zuwa uku da cek ke yi a hanya, waɗanda mai ƙaramin ƙarfi ke numfasawa da su, sun tafi.

Akwai kariya ɗaya da mutane ba su cika sani ba. In kwafin nan na doka aka ba ka, kuma aka cire maka kuɗi bisa kuskure, kana da kwana 40 ka kai ƙorafi. In bincike bai ƙare cikin kwanakin aiki 10 ba, dole banki ya mayar maka har dala 2,500 kafin ya gama. Hoton da kake gani a manhaja kawai bai shiga cikin wannan ba.

Manhajar dai ina ba ta huɗu cikin biyar. Yanzu takardar kan kwana mako biyu a aljihun mota kafin in yaga, kuma ba na duba babban adadin da ke sama, sai ƙaramin da ke ƙarƙashinsa, wanda aka ce za a iya cirewa.