Yaya, a nan ma ana sa wa mai bincike ido

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a filayen jirgin saman Amurka ba a taɓa kayan matafiyi. Ana taɓawa, Yaya. Mai hali ba ya barin halinsa don ya sa kayan sarki. Abin da ya bambanta, shi ma mai binciken akwai ido a kansa, kuma babu mai ce maka ka ba da na goro.

Hukumar da ke binciken fasinjoji ita ce TSA, an kafa ta a Nuwamban 2001 bayan harin 11 ga Satumba. Daidai inda za ka zuba waya da walat da agogo a tire, ɗaga kai za ka ga kyamarori a rufi. A 2023 irinsu ne suka tona asirin wasu ma'aikata a filin jirgin Mayami: fasinja ya juya baya yana jiran shiga na'ura, su kuma suna laluben jakarsa, hannu ya fito ya faɗa aljihu. An kama su, duniya ta ga bidiyon. Tun a 2012 hukumar ta amsa cewa ta kori ma'aikata 381 kan sata daga 2003. Wallahi wannan ya burge ni, hukuma ta faɗi adadin ɓarayinta da bakinta.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne akwatin da ka miƙa aka auna. Suna da ikon buɗe shi ba ka nan, har su yanke kwaɗon idan ba irin wanda suke da makullinsa ba ne, su bar maka 'yar takarda a ciki. Daga nan akwatin ya bi hannun masu lodi, waɗanda ba ma'aikatan hukumar ba ne. Abu ya ɓace, kowa ya nuna ɗan'uwansa. Doka ta ba ka shekara 2 ka nemi diyya, amma kyamarorin galibi na hukumar filin jirgin ne, kuma sabon hoto yana shafe tsoho. Wanda ya yi jinkiri, hujjarsa ta tafi.

Don haka idan Hajiya za ta taso, a gaya mata kuɗi da gwal da magani su zauna a jakar hannu. In ta ga ba daidai ba, kada ta bar wurin: ta nemi shugaban masu binciken nan take, ta riƙe lokaci da layin da ta bi.