Akwatin Sheƙa ko Kayan Gatsa: Wanne Aku Ya Fi Buƙata?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne ya fi dacewa ka saya wa akunka, akwatin sheƙa ko kayan gatsa, wato abubuwan da za ta riƙa ɓarza da baki. Tsakanin akwatin sheƙa da kayan gatsa, ka zaɓi kayan gatsa, tunda akunka guda ce kuma ba ƙyanƙyasa kake nema ba.

Tawa irin mai ruwan toka da jan wutsiya ce, shekara 6 ke nan tana hannuna. Akwai lokacin da ta kama fige gashin ƙirjinta har fata ta bayyana. Na sauya abinci, na sauya wa kejin wuri, duk a banza, hankalina ya tashi ƙwarai. Wata rana mai ɗakina tana saƙar tabarma, guntun kaba ya faɗo gefen keji, sai kawai akun ta miƙo ƙafa ta jawo shi. Wunin ranar ba ta taɓa jikinta ba, tana ta tsaga kaba siriri-siriri har magariba. Tun daga nan kullum da safe nake rataya mata kaba, da kwali marar fenti, da ƙoƙon kwakwa, wani lokaci in cusa dabino a cikin kwalin sai ta yi aiki kafin ta kai gare shi. Sannu a hankali gashin ya dawo. Yanzu da ta hango kaba a hannuna take fara kiran sunan yara ɗaya bayan ɗaya.

Ai a daji ma aku ba ta ɗibar tsinke kamar kurciya. Kogon bishiya take samu ta shige, haka tsirya ma. Wani ɗan koren aku na Kudancin Amurka, wajen Ajantina, shi aka sani da saƙa sheƙa da ƙirare. Abin da bakin tamu yake so shi ne ya samu abin ɓarzawa, domin a daji nan wuninta yake ƙarewa.

Akwatin kuwa na taɓa saya, na yi da-na-sani. Duhunsa ya motsa mata sha'awar ƙwai, ta koma cizo, ta saka ƙwai babu namiji. Yawan hakan yana zuƙe sinadarin kalsiyam na jikinta, ƙwai ma yana iya maƙale mata. Akwatin na masu kiwon mace da namiji ne.

Don Allah kada ka saka mata auduga, zare ko tsumma. Zare yana naɗe yatsa har ya kashe shi, in ta haɗiye kuma ya cushe maƙoƙo. Duk abin da ya yi fumfuna, ko da gyaɗa ce, ka zubar, huhunsu ba ya jurewa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka. In mai sayarwa ya ce ka ƙaro namiji su yi ƴaƴa, ka yi hattara. Nau'in mai ruwan toka ba a rabe mace da namiji da ido tabbas, sai an gwada jini ko gashi. Wasu kuma tsohuwar da aka kamo a daji suke ba ka a ce ƴar gida ce, alhali tun 2016 yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji a duniya, ta amince da hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe saboda sun kusa ƙarewa. Ka dubi idonta: na ƙaramar aku baƙi-baƙi ne, sai ta girma yake komawa ruwan ɗorawa mai haske. Wanda ya nuna maka mai hasken ido ya ce wata uku gare ta, ka riƙe kuɗinka.