Gwajin leƙa maƙogwaro cikin barcin allura: yadda na same shi

Na'urar CPAP, wadda ke tura min iska ta hanci don kada numfashina ya riƙa ɗaukewa cikin barci, ta gagare ni, kullum sai in farka in tarar na tuge abin hancin na yar. Shi ya sa likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya rubuta min gwajin da ake kira DISE, wanda likitoci biyu, Croft da Pringle, suka fara bayyanawa a Landan a 1991. Ana sa mutum barci da allura, a zura siririyar kyamara ta hanci, a ga ainihin inda hanyar numfashi ke toshewa idan minshari ya kankama.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne likitar allurar barci ta zaunar da ni tun kafin ranar. Ta ce, "Malam, magani uku ne a gabanmu." Midazolam ta ajiye shi gefe don yana daɗewa a jiki. Dexmedetomidine ya fi kusa da barcin gida, ba ya danne numfashi sosai, amma yana jan lokaci kafin ya kama, kuma yana rage bugun zuciya. Ni kuwa atenolol nake sha saboda hawan jini, dama zuciyata a hankali take bugawa. Sai aka tsaya a kan propofol.

Fari ne kamar madara. Da ya shiga jijiyar bayan hannuna na ji raɗaɗi yana hawa, daga nan ban sake sanin komai ba. Da na'ura aka riƙa tura shi kaɗan-kaɗan, domin in ya yi yawa naman maƙogwaro kan saki fiye da yadda yake yi a kan katifarka, a ga toshewar da ta wuce ta gaskiya, iskar oksijin ma ta faɗi. Aibinsa ke nan, kuma ba a ɓoye min ba.

Na farka da wuri, sai ɗan zafin hanci. A bidiyon na ga ganɗata tana kaɗawa, gindin harshe ya koma baya ya rufe hanya. Da likita ya turo muƙamuƙina gaba, sai ta buɗe. Wannan ya sa aka fasa maganar tiyata, aka tura ni wurin likitan haƙori a yi min abin da ke riƙe muƙamuƙi da dare.

Aikin ya gamsar da ni, ko da yake kuɗin ya taɓa aljihu. Mai shirin zuwa ya riƙe sunayen duk magungunan da yake sha, zai yi awa 6 bai ci abinci ba, kuma ya je da wanda zai mayar da shi gida, don ba a barin mutum ya yi tuƙi ranar.