Ra'ayina kan irin kokwamba na fakiti

Na sayi fakitin irin kokwamba a wani shagon kayan noma, na shuka shi a bayan gida cikin buhunan da na cika da ƙasa da takin awaki. Cikin kwana 5 yawancinsa ya tsiro, kuma kafin kwana 50 na fara tsinkar 'ya'ya dogaye, kore shar, masu ƙaras-ƙaras a baki, don haka kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai irin ba ya jure ƙishirwa, domin makon da na yi sakaci da ban-ruwa 'ya'yan sun lanƙwashe, sun kuma yi ɗaci. Mai shagon bai gaya mini yaɗon yana buƙatar abin hawa ba, sai daga baya na kafa masa karan dawa da igiya.