Kafin ka sayi kalarinet a Yamai: duba bek, duba mazaunin yatsa

Kalarinet kayan busa ne na Turawa mai kama da algaita. Mai sayensa na farko yakan ruɗu da sheƙin maɓallai. Alhali abu biyu ne za su hutar da shi ko su wahalar da shi: bek ɗin da zai sa a baki, da ƴar ƙugiyar baya wadda babban yatsan dama ke tallafe nauyin kayan da ita.

Zancen gangar jiki gajere ne. Na icen girinadil, kamar Buffet E11, ya fi zaƙin murya, amma busasshiyar iskar hunturu tana tsaga shi, galibi a gaɓar sama. Mai koyo a nan ya ɗauki na roba, Yamaha YCL-255 ko Buffet Prodige.

A bek ne ake tafka kuskure. Bambancinsu yana ga ratar da ke tsakanin tsininsa da ansh, siririn harshen karan nan mai rawa. Ratar Yamaha 4C milimita 1,05 ce, ta Vandoren 5RV kusan haka, ta B45 kuwa ta kusa 1,2. Mai faɗin rata yana ba da murya cikakkiya, sai dai yana son leɓe horarre. Sabon hannu cizo zai yi ta yi, sauti ya riƙa tsuwwa. 4C da ansh mai lambar tauri 2 ko 2,5 sun ishe shi shekarar farko. In bek na hannu ne, ɗaga shi sama ga haske: ko ɗan ɓantare a tsini ya kashe ciniki. Na baƙar roba mai tauri kuma yana koɗewa in rana ta doke shi, kada a bar shi cikin mota.

Haɗa kayan a gaban mai sayarwa. Ansh ya zauna layi ɗaya da dogon maɓallin baya da ƙugiyar yatsa, baƙin tsinin bek, siriri kamar gashi, kaɗai ke leƙowa samansa. Idan bek yana juyawa da kansa, toshiyar da ke riƙe shi a gangar jiki ta mutu, kuma karkataccen bek wuyan hannu yake murɗewa. Haƙoran sama su hau bek wajen santimita 1, kumatu a tsuke. Wanda ya taso yana kallon masu algaita sai ya yi yaƙi da kumbura kunci.

Nauyin kalarinet yakan kai giram 800, galibinsa a kan yatsa guda. Ƙugiyar ta sauka tsakanin farce da gaɓar farko. Kafaffiya ba ta dace da kowane hannu ba. Ta YCL-255 tana hawa tana sauka, har da zoben rataya igiyar wuya, abin da yaro ke bukata. Riƙe kalarinet ɗin minti biyar, yatsu a lanƙwashe kamar ka riƙe lemu, ka busa mafi ƙasan sauti. In ya ƙi fita, ko yatsan zobe bai rufe raminsa ba, ko ɗan matashin da ke ƙarƙashin wani maɓalli yana yoyon iska. Miƙa wa wanda ya iya ya busa, a gane wanne ne kafin kuɗi su bar aljihu.