Shekara guda da akwati mai kwaɗo uku

Ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Maraɗi ce ta fara ba ni labarin. Ta zo suna Jibiya, ta tarar da ni ina ta tsaki saboda adashinmu ya watse: wadda ta yi kwasa ta uku ta daina zubi, ta huɗu ta bi sahu, mu na ƙarshe aka ba mu haƙuri. Ta ce, "Ke 'yar nan, har yanzu adashi kuke? Mu can asusu muke yi, na Mata Masu Dubara." Na ce, "Inna, asusu dai da muka sani?" Ta ce ba shi ba. Ashe tsarin ma daga wajensu ya fito. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi da matan karkara a jihar Maraɗi a 1991, kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

A farkon 2024 muka haɗa namu, mu 25. Yanzu mun yi rabo, don haka ina da bakin magana.

Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Mata uku ke riƙe da makullan, ta huɗu ke ajiye akwatin, ita kuma ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, ranar Talata bayan la'asar. Kaso ɗaya naira 500 ne, kina iya sayen ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinki a makon, a buga miki hatimi a ɗan littafinki. Akwai naira 100 ta taimako da kowa ke sakawa saboda haihuwa, rasuwa ko rashin lafiya. Wadda ta makara kuwa, tarar naira 50. Na biya ta sau shida, ba na musu.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kafin akwatin, ba wai ba na samu ba ne, samun ne ba ya kwana. Kuɗi na ƙarƙashin katifa kowa ya san da shi: baban yara zai ce a ara masa na mai, ƙanena zai zo da tasa, ni kaina in ga atamfa. Yanzu in an tambaya sai in ce suna akwati, kuma gaskiya na faɗa, ko ni ba zan iya taɓa su ba sai mata uku sun taru. Ban taɓa zaton rashin iko da kuɗina zai yi mini daɗi haka ba. A wajena wannan ya fi komai a tsarin, har da rancen.

Rancen ma ba laifi. Ana ba ki har ninki uku na abin da kika tara, ki biya cikin wata uku. Da ajiyata ta kai naira 15,000 na karɓi 40,000 na ƙara gyaɗa. Ba wanda ya tambaye ni BVN, ko takardar gida, ko mai tsaya mini. Waɗanda suka amince da buƙatar su ne masu sayen ƙuli-ƙulina, sun san ranar da nake suya da ranar da ba na yi. Sai dai abin da ya sa rancen ke da sauƙi shi ne kuma zafinsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a nan naki a fili yake. Wata 'yar'uwarmu ta kasa biya a wata na biyu, aka karanto lissafinta a gaban mutum 24, ta yi mako uku ba ta fito ba.

Inda muka fi shan muhawara shi ne ƙarin da ake ɗorawa. Biyar cikin ɗari ne a wata, wato a kan 40,000 na biya 46,000. Wasu suka ce ai ribar tamu ce, a ƙarshe mu za mu raba. Wasu suka ce ko me aka kira shi, kuɗin ruwa ne. Muka kai wa malamin Islamiyyarmu, ya saurare mu tsaf, ya ce, "Bashin da ya jawo amfani, ku guje shi." Ya ba mu shawarar ƙungiya ta riƙa sayen kayan da kanta, ta sayar wa mai buƙata da ribar da aka sani tun farko, irin murabahar da bankin Jaiz ke yi tun da ya fara aiki a 2012. A zagaye na biyu haka muke yi. Ya fi wahala, don dole mutum biyu su bi ki kasuwa, amma mata huɗu da suka ƙi karɓar rance a bara sun karɓi kaya bana.

Ranar rabo na ƙirga hatimi 152, wato naira 76,000 na zuba. Kowane kaso ya tashi a 590, aka miƙo mini 89,680. Na yi ta murna har na isa kasuwa. Ribar 18 cikin ɗari ce, alhali hauhawar farashi a Najeriya ta haura 30 cikin ɗari a 2024. Akwatin ya tsare kuɗina daga hannuna da na dangi, bai tsare su daga tsada ba.

Sai lokaci. Da damina kowa na son rance, na taki da na abinci, akwati kuwa fayau, sai an bi layi. Gab da rabo kuma an daina ba da rance, kuɗi sun taru fiye da naira miliyan ɗaya a ɗakin mace guda, a gari irin namu da kowa ya san halin tsaronsa. Mai ajiyar ta ce ta yi wata guda ba ta barcin kirki. Ajiyar ƙaramin banki mai lasisi tana da inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a banki, har naira miliyan 2 tun 2024, akwatinmu kuwa ba shi da kowa sai Allah. Mun yanke cewa bana, wata biyu kafin rabo, za mu kai kuɗin banki da sa hannun mutum uku.

Wadda cinikinta na kullum ne, ko ɗan kaɗan ne, zan ce ta shiga. Wadda sai kaka take ganin kuɗi, zubin mako-mako zai takura ta. Ni dai na sake shiga, an kuma ba ni makulli na biyu, yana ɗaure a bakin zanena.