Kwalejin Barewa, Zariya: abin da uba zai duba kafin ya kai yaro

Duk wanda ya san tarihin boko a Arewa ya san Barewa. A 1921 aka kafa ta a Katsina, zamanin Gwamnan mulkin mallaka Clifford, don horar da malaman makaranta. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 ta sauka Zariya inda take har yau, sunan Barewa kuma a 1971 ta samu. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa 'yan zamanin Katsina ne. Bayansu Shehu Shagari, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun zauna a azuzuwanta. Tsohon ginin na Katsina yanzu gidan tarihi ne.

Makarantar kwana ce ta maza, a hannun gwamnatin jihar Kaduna. Gidajen kwanan na ɗauke da sunaye irin su Bello Kagara, Lugard, Clifford, Dan Hausa da Nagwamatse, kuma tsarin gida shi ne ƙashin bayan tarbiyyar wurin: shara da asuba, gasar wasanni tsakanin gidaje, manya na lura da ƙanana. Fili kuwa ba a magana, yalwatacce ne, da inuwar manyan itatuwa, abin da makarantun kuɗi na cikin gari ba za su iya saye ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, BOBA, tana da ƙarfi, tana kuma sa hannu a gyare-gyare.

Sai dai ginin da ya haura shekara 70 yana da halinsa, don haka uba ya shiga ya gani da idonsa. A fara da ruwa: a tambayi rijiyar burtsatse nawa ke aiki, da abin da ke tura ruwan zuwa tanki. In da wutar gari kawai aka dogara, ranar da aka ɗauke ta yaro zai ɓata lokacin karatun safe a layin bokiti. A ɗaga kai a dubi silin ɗakin kwana. Tabon ruwan ƙasa-ƙasa alamar yoyo ne, kuma kwanon da ke yoyo da damina shi ke ruɓar da katako da katifa. A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kada tebura su ruɗe ka. Tambaya ita ce ko 'yan aji huɗu da biyar suna taɓa kayan awo da sinadarai da hannunsu, ko sai an zo gab da jarrabawar kammala sakandare ta WAEC. Wanda bai saba ba, hannu ke rawa ranar jarrabawa.

Kayan tafiya: akwatin ƙarfe da kwaɗo mai kyau, katifa daidai gadon mutum ɗaya, bokiti biyu, fitila mai caji, gidan sauro, da bargo mai kauri, domin sanyin hunturun Zariya a Disamba da Janairu ba wasa ba ne. A rubuta sunan yaro a kan komai. Garin rogo, sukari da ƙuli-ƙuli suna rufa asiri tsakanin abincin rana da na dare.

A ganinmu ta dace da yaro mai kazar-kazar wanda zai iya kula da kansa. Mai yawan laulayi kuwa, musamman mai asma ko sikila, a fara zama da malamin gidan kwana da mai kula da ɗakin shan magani kafin a biya ko sisi.